Gwanin da Ba a Taɓa Haifa Ba: Musun Fifiko a Gasar Besbol ta Kwamfuta

Duk ƙarshen kaka, a irin gasar besbol ɗin nan da ake bugawa cikin kwamfuta ta intanet, sai an ta da tsohon musu: wane ne gwanin gwanaye a tarihin gasar? Masu musun magidanta ne, da akawu da malamin makaranta da direban babbar mota, yawancinsu a Amurka da Kanada. Wanda ake musun a kansa kuwa ba a taɓa haifarsa ba. Ba uwa, ba uba, bai taɓa riƙe sanda ba. Kwamfuta ce ta raɗa masa suna, ta ba shi garin haihuwa da shekara 18 da wasu lambobi, ta raine shi, ta tsufar da shi, ta yi masa ritaya. Duk da haka sai a kwana ana jero alƙaluma, a kai ga zafafan kalamai, wani ma ya yi fushi ya ajiye ƙungiyarsa ya tafi.

Mutum zai iya yin dariya ya wuce. Ni dai ina ganin wannan musu ya fi wanda muke kwana yi a gidan kallo kan Messi da Ronaldo tona asirin abin da muke nufi idan muka ce wane ya fi wane, domin a nan akwai amsa a rubuce, a ajiye, kuma masu musun da kansu suka ƙi karɓarta.

Sai an san wasan kaɗan kafin a gane haka. Besbol karawa ce ta gaba da gaba. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai bugu ya maka ta da sanda ya ruga ya taka tasha ta farko kafin a tare shi. Tashoshi huɗu ne, wanda ya zagayo su duka ya kawo ci ɗaya. In ya maka ƙwallon ta tsallake katangar fili, an yi hom-ron ke nan, sai ya zagaya a tsanake. Kowace karawa tana da farko tana da ƙarshe, kuma ana rubuta yadda ta kaya. A babbar gasar Amurka kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, mai bugun da ba ya fashi yakan samu dama wajen 600, kuma tun ƙarni na 19 ake adana wannan lissafi. Wasan da ya yanku gunduwa-gunduwa haka ba ya wuyar mayarwa lissafi tsantsa.

An kuwa mayar da shi tun kafin kwamfuta ta shiga gidaje. A 1951 Richard Seitz ya fara sayar da APBA a garin Lancaster na jihar Pennsylvania, a 1961 kuma Hal Richman ya fito da Strat-O-Matic. Kowane ɗan wasa na gaske an yi masa kati bisa abin da ya yi a kakar da ta wuce. A Strat-O-Matic dais uku ake jefawa, irin na ludo. Na farko in ya faɗi 1 zuwa 3 a duba katin mai bugu, in ya faɗi 4 zuwa 6 a duba na mai jifa. Sauran biyun a haɗa su, jimillarsu daga 2 zuwa 12 ta nuna layin da za a karanta. Ko an kama shi, ko ya kai tasha, ko ta tsallake katanga, yana nan a rubuce. A 1999 wani Bajamushe, Markus Heinsohn, ya fitar da Out of the Park Baseball, manhajar da yawancin irin waɗannan gasanni suka dogara da ita a yau, wadda kamfanin Com2uS na Koriya ta Kudu ya saye masu yinta a 2020. Katin ya koma cikin fayil, dais ɗin ya koma cikin injin, amma asalin aikin bai canza ba.

Yadda gasar take tafiya: mutum 20 ko 30 su haɗu, kowa ya ɗauki ƙungiya ɗaya, a naɗa ɗaya kwamishina. Kowa a gidansa ya tsara jerin 'yan wasansa, ya yi ciniki, ya sabunta kwantiragi, ya tura fayil. Kwamishina ya tattara, ya danna maɓalli, kwamfuta ta buga wasannin mako ɗaya ko biyu cikin 'yan mintoci, washegari kowa ya tashi ya duba abin da ya same shi. A ce kaka tana cin wata biyu, cikin shekara 10 an yi kaka 60 ke nan. Gasar ta riga ta yi kakanni da jikoki, ta yi zauren fitattu inda ake kaɗa ƙuri'a, ta yi dattawan da suka ga jiya suka ga yau.

To ga inda gizo ke saƙar. Kowane ɗan wasa a cikin fayil ɗin yana da lambobinsa na ainihi: ƙarfin bugu, kaifin ido, gudu, saurin jifa, juriya, har da yawan saurin jin rauni. Masu ƙungiya ba sa ganin waɗannan kai tsaye. Abin da suke gani ƙiyasin ma'aikacinsu ne mai farautar hazaka, wanda yakan auna ɗan wasa a sikelin 20 zuwa 80 kamar yadda ake yi a besbol na gaske, kuma an gina shi da gangan don ya riƙa kuskure. Amma kwamishina yana da makulli. In ya so, yau ɗin nan zai buɗe ya ce ga wanda lambobinsa suka fi na kowa tun da aka kafa gasar. Abin da masu lissafin besbol na gaske suke nema ke nan tun da Bill James ya fara buga littafinsa na alƙaluma a 1977: su tace sa'a, su tace fili, su tace zamani, su ga tsurar iyawar mutum. Su ba za su taɓa ganinta ba sai dai ƙiyasi. A gasar kwamfuta tana nan a aljihun mutum ɗaya, kuma da wuya ka samu mai ƙungiyar da zai yarda a rufe musun da ita.

Ina ganin suna da gaskiya, kuma dalilin yana cikin lissafin kansa. Ɗauki kati biyu iri ɗaya sak, kowanne an gina shi ya samu bugu mai kyau sau 300 cikin dama 1,000, abin da Amurkawa ke rubutawa .300. Ba su dama 600 kowanne. Ƙa'idar lissafin dace ta ce tazarar da za a saba gani sama ko ƙasa ta kai kusan maki 19. Wato ɗaya ya gama kaka da .320, ɗayan da .280, ba wanda ya yi abin mamaki. Amma a idon gasar, na farko tauraro ne, za a ba shi kyauta, a ƙara masa albashi, a rubuta masa labari. Na biyu za a fara cewa ya soma tsufa, a nemi wanda za a kakaba wa shi. Tagwaye ne a fayil, dais ne kawai ya raba su. In ka ce fayil ne alƙali, ka ce kakar nan ba ta faru ba, kofin da bugun na farko ya ciwo ma bai ciwu ba. Mutanen da suka bi wasannin nan mako bayan mako ba za su yarda ba, don da lambobin ɓoye ake so a sani, da ba a wahalar da kai wajen buga kakar ba tun farko.

Sai dai wannan lissafi yana da kaifi biyu, kuma masu son a naɗa ɗan wasan da ya yi 'yan shekaru yana cin wuta ba sa son jin kaifi na biyu. A dama 600 tazarar sa'a maki 19 ce, amma a dama 9,000, wato aikin shekara 15, takan sauko zuwa maki 5 kacal. Tsawon zamani yana wanke sa'a. Idan ka zaɓo kakanni uku mafiya kyau na kowane ɗan wasa ka gwada su, rabin abin da ka zaɓo ranakun da dais ya yi masa murmushi ne.

A besbol na gaske wannan gardama tsohuwa ce, kuma tana da fuskoki biyu da kowa ya sani. Sandy Koufax na ƙungiyar Dodgers ya ci kyautar gwanin masu jifa sau uku, a 1963 da 1965 da 1966, sannan ciwon gwiwar hannu ya sa ya ajiye wasa yana ɗan shekara 30 da nasara 165 kawai. Hank Aaron kuwa kaka 23 ya buga, bai taɓa kai hom-ron 50 a kaka ɗaya ba, amma ya tara 755. Marubuci Jay Jaffe ya yi ƙoƙarin sasanta ɓangarorin a 2004 da ma'aunin da ya kira JAWS, inda ake haɗa jimillar amfanin ɗan wasa na duk rayuwarsa da na kakanninsa bakwai mafiya kyau a raba biyu. Masu gasar kwamfuta da yawa sun ari wannan ma'auni. Ba laifi, amma akwai bambancin da suke tsallakewa. Lokacin da Koufax ke jifa da hannu mai kumburi, akwai abin da yake biya da jikinsa, kuma masu kallo suna girmama wannan. Ɗan wasan fayil da rauni ya katse shi yana 29 bai jure komai ba. Lamba ce ta faɗo ba daidai ba. Ana iya jin zafin rashinsa, mai ƙungiyar ma yakan ji sosai, amma ba a bin sa bashin shekarun da bai buga ba. Saboda haka a gasar kwamfuta na fi karkata ga mai dogon zango fiye da yadda zan karkata a wasan gaske.

Matsalar da ta fi wannan wuya ita ce ta zamani, kuma a nan ne yawancin musun ke lalacewa. Ted Williams ya buga .406 a 1941, tun daga nan ba wanda ya sake kaiwa .400 a cikakkiyar kaka ta manyan rukunonin Amurka biyu. Masanin halittu Stephen Jay Gould ya kawo bayani a littafinsa Full House na 1996: ba gwanaye ne suka ƙare ba, matsakaitan ne suka ƙware, sai tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa ta tsuke. Duk wanda ya daɗe a gasar kwamfuta ya ga wannan da idonsa, cikin sauri. A kakannin farko rabin masu ƙungiya ba su iya ba. Wani ya bar ƙungiyarsa wata uku bai tura fayil ba, kwamfuta na ta sa masa gajiyayyen mai jifa. Wani sabon shiga aka yi masa wayo a ciniki, ya ba da zinariya ya karɓi tagulla. Gwanin wancan zamani a kan irin waɗannan ya tara alƙalumansa. Bayan kaka 30 kowa ya waye, ba sauran ƙungiyar banza, sai a ga ba mai iya kusantar tarihin mutanen farko, dattawan gasa kuma su ce ai 'yan wasan yanzu ba su kai na da ba.

Ga kuma abin da babu irinsa a filin gaske. Kusan kowace shekara kamfanin yana fitar da sabon bugu na manhajar, gasa ta kwashe kayanta ta koma ciki, injin lissafin ya ɗan sauya hali. Kwamishina ma yana da ikon murɗa yawan hom-ron ko yawan ci na gasar gaba ɗaya, da saurin tsufan 'yan wasa. A wasu gasannin mai ƙungiya yana iya gyara filinsa ya matso da katanga don masu bugunsa. A duniyar gaske filin Coors na birnin Denver yana tudu mai tsayin kusan mita 1,600, iska ba kauri, ƙwallo na tafiya nesa, kuma kowa ya san a rage wa alƙaluman can daraja. Amma ba wanda ya kwana ya tashi ya ga an ɗaga birnin sama. A gasar kwamfuta hakan na faruwa tsakanin Juma'a da Litinin. Wanda ya kawo maka hom-ron 600 na wani ɗan wasa bai faɗa maka a wane bugu na manhaja da wane saiti aka yi su ba, bai faɗa maka komai ba. Ma'aunin da ke da ma'ana shi ne tazarar da ɗan wasa ya ba tsaransa a kakar da suka buga tare, kuma manhajar tana lissafa wannan da kanta da ma'aunin WAR, wato yawan nasarar da ya ƙara wa ƙungiya fiye da abin da ɗan cike-gurbi zai kawo.

Kada a ɗauka besbol na gaske ya tsira daga irin wannan. Babe Ruth ya tara hom-ron 714 a gasar da ta haramta wa baƙar fata shiga har sai da Jackie Robinson ya karya shingen a 1947. A watan Mayun 2024 hukumar babbar gasar ta shigar da alƙaluman tsofaffin gasannin baƙar fata cikin kundinta, sai ga Josh Gibson da .372 ya hau kan Ty Cobb mai .367, bayan duka biyun sun daɗe a kabari. Ba a sake buga ko ƙwallo ɗaya ba, shawara aka yanke a ofis. Barry Bonds kuma yana da hom-ron 762, ya fi kowa, amma zargin ƙwayoyin ƙara kuzari ya sa a 2022 ya tsaya a kashi 66 na ƙuri'un marubuta, alhali 75 ake bukata don shiga zauren fitattu na Cooperstown. Ɗan wasan fayil ba ya shan ƙwaya, amma ubangidansa yana iya gano wata ɓaraka a injin ya yi ta cin moriyarta kaka biyar kafin a toshe. Sai a tambaya, laifin wa? Ɗan wasan ba shi da niyya balle a tuhume shi.

Wannan ya kawo mu ga abin da ba a cika faɗa da baki ba. Rabin musun nan ba a kan ɗan wasan ake yi ba, a kan mai shi ake yi. Wanda ya zaɓo yaro a zagaye na tara lokacin da kowa ya raina shi, ya haƙura da shi shekara huɗu a ƙaramar ƙungiya, ya ƙi sayar da shi da aka taya da tsada, in ya tashi kare shi kansa yake karewa. Masu buga wasan ƙwallon ƙafa na kwamfuta, Championship Manager, na kakar 2001/02 sun san wannan ciwo. Julius Aghahowa na cikin wasan ya fi na fili zura ƙwallo nesa ba kusa ba, kuma har yau akwai masu ba da labarinsa da alfahari kamar su suka haife shi. Ban ga aibu a wannan son kai ba muddin an san da shi. Aibun yana zuwa ne lokacin ƙuri'a, inda masu ƙungiya biyar da suka fi daɗewa suke cika zauren fitattu da yaransu, ɗan wasan ƙungiyar da ta yi ta sauya hannu kuwa ba mai tsaya masa.

Idan musu ya ƙi ƙarewa, akwai wanda kullum zai kawo shawarar da ta yi kama da hikima: tunda kwamfuta ce, a ɗauko su biyun a kan ganiyarsu, a sa su a fili ɗaya, a buga kaka dubu a gani. An taɓa gwada irin wannan a dambe. A 1969, bayan an ƙwace wa Muhammad Ali kambunsa saboda ya ƙi shiga soja, wani mai shirya shirin rediyo, Murray Woroner, ya ɗauki hoton Ali da Rocky Marciano suna kwaikwayon faɗa, da cewa kwamfuta ƙirar NCR 315 ce za ta faɗi wanda ya ci. Marciano, wanda ya yi faɗa 49 ba a taɓa doke shi ba, ya mutu a hatsarin jirgin sama a watan Agustan shekarar kafin a nuna fim ɗin. A ranar 20 ga Janairun 1970 'yan kallo a Amurka suka ga ya kayar da Ali a zagaye na 13, a Turai kuma aka nuna wani ƙarshen inda Ali ya ci. Ba wanda ya sauya ra'ayinsa. Kaka dubu a gasar besbol za ta fi wancan gaskiya ta fuskar lissafi, amma abin da za ta fito da shi lambobin ɓoyen nan ne dai ta ƙofar baya. An koma gidan jiya.

Darajar tarihin gasar ta rataya ne a kan abu ɗaya, cewa sau ɗaya aka danna maɓallin. Marubuci Robert Coover ya gane haka tun 1968 a littafinsa The Universal Baseball Association, labarin wani akawu mai suna Henry Waugh da ke gudanar da gasarsa shi kaɗai a teburin kicin da dais uku. Matashin mai jifan da ya fi so, Damon Rutherford, ya buga wasan da ba a samu ko mutum ɗaya ya kai tasha ba, jim kaɗan sai dais ya faɗi a kan layin da ya ce ƙwallo ta same shi a ka ya mutu. Henry bai soke jifar ba, don ya san in ya soke gasar ta zama ƙarya. Daga baya baƙin ciki ya ci ƙarfinsa, ya ajiye dais da hannunsa don ya kashe wanda ya yi jifar. Duk kwamishinan gasar intanet yana zaune a kujerar Henry. Fayil yana hannunsa, ba mai ganinsa da tsakar dare, kuma shi ma yana da ƙungiya. Jita-jitar cewa ya taɓa maimaita wasa ko sau ɗaya ta isa ta rushe gasar da aka shekara goma ana ginawa.

Akwai kuma masu cewa a bar alƙaluma baki ɗaya, gwani shi ne wanda ake ba da labarinsa. Suna da misali mai ƙarfi a Blaseball, gasar barkwanci da kamfanin The Game Band ya buɗe a Yulin 2020 lokacin kullen korona, ya rufe a 2023. Sunan da aka fi tunawa a can shi ne Jaylen Hotdogfingers na ƙungiyar Seattle Garages, wanda wasan ya ƙone ƙurmus bayan kakar farko, magoya baya kuma suka haɗa kai suka yi dabara da dokokin ƙuri'a har suka dawo da sunan fili. Shahara ce ta gaske, amma 'yan kallo ne suka yi aikin. Ban yarda a kai nan ba. In labari kaɗai ne ma'auni, wanda ubangidansa ya fi iya rubutu shi zai ci kullum, kuma kowace gasa tana da irin wannan mutum, mai rubuta wa ɗan wasansa hira da jarida da tarihin ƙuruciya har sauran su fara jin kamar sun san shi.

Da za a miƙo mini takardar ƙuri'a da sunaye uku, ga mai lambobin ɓoye mafiya girma da rauni ya cinye, ga wanda ya buga hom-ron ɗin da ya ciwo kofi a wasan ƙarshe, ga kuma wanda ya shekara 16 yana ba tsaransa tazara a bugu uku na manhaja da filaye biyu, na ukun zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Zan nemi a nuna mini tazarar kaka bayan kaka, a cire shekarun da rabin gasar ba masu ita, a kuma hana ubangidansa jefa ƙuri'a a kansa. Na farkon, kwamishina ya bar fayil ɗinsa a rufe har a gama zaɓe, in ya so ya buɗe daga baya don masu son sani. Na biyun kuwa ƙungiyarsa ta jingine lambar rigarsa kada wani ya sake sawa, kamar yadda ake yi a Amurka, amma a zaɓen gasa baki ɗaya bugu ɗaya ne cikin dubbai da ya yi, kuma da ɗaya zan ƙirga shi.